Oga da ma'aikaciya a allon fim: tambayoyi da amsoshi kan cin zarafi a wurin aiki da batun amincewa

Fitowa ce da kusan duk mai kallon fim ya sani. An tashi daga aiki, kowa ya watse, sai oga ya leƙo ya ce wa ma'aikaciyarsa ta ɗan dakata, akwai magana. Abin da za a ce mana muna kallo ya danganta da kiɗan da darakta ya sa. In mai taushi ne, to soyayya ce ta kankama. In mai faɗar da gaba ne, mugu ya fito. Alhali ofishin ɗaya ne, ogan ɗaya ne, kuma ko ta wane kiɗa, hanyar cin abincinta a hannunsa take. Tambayoyin da ke biye duk a kan wannan suke.

Wai me ake kira cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki?

Duk wata magana, ko saƙo, ko taɓa jiki, ko neman biyan buƙata da aka yi wa ma'aikaci ba da son ransa ba, har abin ya shafi aikinsa ko kwanciyar hankalinsa a wurin. Masana shari'a sun kasa shi gida biyu. Akwai na ciniki: ki ba ni haɗin kai in ɗauke ki aiki ko in yi miki ƙarin girma, in kin ƙi ki kuka da kanki. Akwai kuma wanda ba a ambaci ciniki ba, sai dai a hana mutum sakat da zancen batsa, da hotuna, da shafa, da kallon ƙurilla, yau da gobe, har zuwa aiki ya zame masa fargaba.

Ɗabi'ar tsohuwa ce, shigarta cikin doka ce sabuwa. A 1975 wasu mata a Jami'ar Cornell ta Amurka suka taru a kan batun Carmita Wood, ma'aikaciyar da ta ajiye aiki saboda wani malamin jami'ar da ta ce ya addabe ta, sannan aka hana ta tallafin marasa aiki da hujjar cewa ita ta tafi don kanta. A 1979 lauya Catharine MacKinnon ta fitar da littafin da ya fayyace rabe-raben nan biyu, a 1980 kuma hukumar daidaito a harkar ɗaukar aiki ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta. Kotun Ƙolin Indiya ta shimfiɗa nata a 1997, majalisar ƙasar ta yi cikakkiyar doka a 2013. Sai a 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da Yarjejeniya ta 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Tun yaushe fina-finai suka fara taɓo maganar?

Tun kafin doka ta san da ita, amma a matsayin abin dariya. Tsofaffin fina-finan barkwanci cike suke da oga mai tumbi yana bin sakatariya a guje suna zagaye tebur. Ita ta kauce, shi ya yi haki, 'yan kallo su tuntsire. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda za ta shigo ofishin washegari.

Biyu sun fita zakka a wancan zamani. The Apartment na 1960, wanda Billy Wilder ya ba da umarni, labarin ƙaramin akawu ne a kamfanin inshora da ke ba manyansa aron makullin gidansa su kai 'yan matan da suke nema, su kuma su saka masa da ƙarin girma. Yawancin matan ma'aikatan kamfanin ne. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, kuma har yau ba kasafai ake samun wanda ya nuna yadda ƙananan ma'aikata maza ke cin moriyar rufa wa oga asiri kamar shi ba. Na biyu shi ne 9 to 5 na 1980, da Jane Fonda da Lily Tomlin da Dolly Parton, wanda ya samo asali daga wata ƙungiyar mata ma'aikatan ofis da aka kafa a Boston a 1973. A cikinsa ogan bai tsaya ga neman sakatariyarsa ba, sai da ya baza ƙaryar cewa yana tarawa da ita, sauran matan ofishin suka juya mata baya ba ta san dalili ba. Wannan ɗan saƙon ya fi duk sauran barkwancin fim ɗin nauyi, don haka abin yake: wadda aka zalunta ita ake fara ƙaurace wa.

To mene ne babban kuskuren da fina-finai ke yi?

Suna son dodo. Mai cin zarafi a fim tun fitowarsa ta farko ka gane shi: ido ja, murmushin mugunta, gumi, yana lasar leɓe. Sannan suna son abu ya faru sau ɗaya, da ƙarfi, a ɗaki kulle, da ihu da yage riga. Dalilin a fili yake. Fim awa biyu ne, dole a sami wurin da mai kallo zai zabura.

Illar ita ce mai kallo ya fito da ma'auni mara kyau. A zahiri mutumin da ake kuka da shi sau da yawa mai fara'a ne, mai kyauta, wanda ya taimaki mutane da dama, wataƙila ma shi ya ɗauki matar aiki lokacin da kowa ya ƙi. Kuma abin ba ya zuwa gaba ɗaya. Yabon kaya ne yau, gobe saƙon dare, jibi hannu a kafaɗa da ya daɗe fiye da kima, sai tafiyar aiki da aka shirya su biyu kawai. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai, za a ce miki ai ba komai ba ne. To ranar da ta buɗe baki, abokan aiki sai su auna ogansu da dodon da suka saba gani a fim, su ga bai yi kama da shi ba, su ce sam, wane ba zai aikata ba.

Amma idan ba ta ce a'a ba, ai ta yarda ke nan?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan fina-finai suka fi ɓarna.

Wata shari'a ta amsa wannan tambayar tun 1986. Mechelle Vinson ma'aikaciyar banki ce a birnin Washington. Ta shaida wa kotu cewa shugabanta ya matsa mata, ta kuma ba da kai sau arba'in zuwa hamsin cikin 'yan shekaru saboda tsoron rasa aiki. Shi ya musanta. Kotun farko ta ce ko da wani abu ya shiga tsakaninsu, ai da ƙafarta ta je. Da magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, alƙalan suka ce ba a nan take ba. Abin tambaya ba wai ko an ja ta da ƙarfi ba ne, a'a, shin tana maraba da neman ko ba ta so? Mutum na iya zuwa da ƙafarsa wurin da zuciyarsa ba ta so, idan wanda ya kira shi ne ke da wuƙa da nama a kan albashinsa. Sai dai hukuncin bai wanke tas ba, don kotun ta bar ƙofa a buɗe a kawo shaida kan irin shigar mai ƙara da kalamanta, abin da lauyoyin waɗanda ake ƙara suka daɗe suna amfani da shi.

Yarda ta gaskiya tana buƙatar a'a ta zama mai yiwuwa ba tare da an yi asara ba. Ma'aikaciyar da ke da haya a kanta da yara a makaranta, ga oga ya tsare ta da murmushi, gaba kura ce baya sayaki. Ta yi dariyar yaƙe, ta canza zance, ta ce tana da uzuri, ta amsa saƙonsa da ladabi don kada ya fusata. Duk waɗannan ƙi ne, irin na wanda ba shi da ikon faɗa kai tsaye. Akwai kuma daskarewa, wadda masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da sani: tsoro ya kama mutum ya kasa motsi, ya kasa magana. A allon fim kuwa shirun nan sai kyamara ta matso kan fuskarta, a sa kiɗa, a fassara mana shi da kunya ko ƙauna.

Wasu ƙasashe sun gyara dokokinsu na fyaɗe ta wannan fuska. Suwidin a 2018 da Sifaniya a 2022 sun mayar da ma'aunin ya zama ko an nuna amincewa, maimakon ko an yi turjiya.

Jarumi ya nace har jaruma ta sauko. Wannan ai soyayya ce, ko?

Haka aka rene mu da gani, daga Hollywood har Indiya. Ta ce ba ta so, ya biyo ta. Ta canza hanya, ya tare ta. Ta mare shi, ya shafa kunci yana murmushi, abokinsa ya ce masa jan aji ne kawai. Kafin fim ya ƙare ta faɗo. Darasin da saurayi ke ɗauka shi ne a'a matakin farko ne na e, mai nema yana tare da samu.

A kan titi ma abin da matsala, balle a ofis, inda ba ta da wurin gudu. Dole ta gan shi ƙarfe takwas na safe, dole ta amsa kiransa, dole ta shiga ofishinsa da fayil. Wata mai bincike a Jami'ar Michigan, Julia Lippman, ta gwada wannan: ta nuna wa rukunin mata fina-finan da ke ƙawata naci a matsayin soyayya, wasu kuma ta nuna musu waɗanda ke nuna shi a matsayin abin tsoro. Waɗanda suka kalli na tsoron sun fi ƙin yarda da uzurorin da ake ba masu bibiyar mata, waɗanda kuma suka kalli na soyayyar suka ɗauke shi tamkar gaskiya sun fi karɓar uzurorin. Bincike ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ya yi daidai da abin da hankali ke ba mutum.

Fim ɗin Indiya Pink na 2016, inda Amitabh Bachchan ya fito a lauya, ya yi suna ne saboda ya tsaya kan magana ɗaya: in mace ta ce a'a, zance ya ƙare, ko wace ce ita, ko me ta sa, ko ƙarfe nawa ne. Ba labarin ofis ba ne, amma ya rusa ginshiƙin da labaran ofis suka daɗe suna jingina da shi.

Ke nan duk soyayya tsakanin shugaba da na ƙasa da shi cin zarafi ce?

A'a. Mutane na haɗuwa a wurin aiki su so juna har su yi aure. Abin dubawa shi ne me zai faru da aikinta in ta ƙi, ko in sun ɓata. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke sharɗanta a sanar da hukuma, a kuma raba su ta yadda ɗaya ba zai riƙa sa hannu a takardar ƙarin girman ɗaya ba. Fina-finan soyayya ba sa son wannan ɓangaren, don ba ya kiɗuwa.

Me ya sa fitattun fina-finai kan batun suka mayar da mace ita ce mai laifi?

Tambaya mai kyau. A 1991 duniya ta kalli Anita Hill tana ba da shaida gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka kan Clarence Thomas, tsohon shugabanta, wanda ya musanta zargin aka kuma tabbatar da shi alƙalin Kotun Ƙoli. Shekara uku bayan haka, babban fim ɗin da Hollywood ta fitar kan cin zarafi a ofis shi ne Disclosure, inda Demi Moore ta fito a shugabar da ta nemi Michael Douglas, da ya ƙi ta juya ta yi masa ƙazafi. A 2004 Indiya ta yi Aitraaz a kan irin wannan zubi, da Priyanka Chopra da Akshay Kumar.

Ba wai ba a cin zarafin maza ba ne. Ana yi. Wani bincike na duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022 tare da Gallup da gidauniyar Lloyd's Register ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na mata masu aiki da kashi 5 na maza sun taɓa fuskantar cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki. A 1998 ma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa doka ta kare namijin da maza 'yan uwansa suka ci zarafinsa, a ƙarar Joseph Oncale, wanda ke aiki a dandalin haƙar mai a teku. Amma dubi bambancin. Oncale lebura ne a tsakiyar ruwa cikin ƙartin da suka fi ƙarfinsa. Fim kuwa ya zaɓi kyakkyawar mace mai kwarkwasa, don a sayar da sha'awa da tsoro a faifai ɗaya. A ganina waɗannan fina-finai ba maza da aka zalunta suka yi wa hidima ba. Sun dai ƙarfafa zaton da ke zukatan mutane cewa mace mai ƙorafi ko dai makira ce ko mai neman matsayi.

Ai kuwa ana yin ƙazafin. Fim bai da ikon nuna shi?

Yana da iko, kuma wanda aka shafa wa kashin kaji an zalunce shi ƙwarai. Matsalar ta yawa ce. In ka tara fina-finai sai ka ɗauka ƙazafi ya fi cin zarafin yawa, alhali abin da bincike ya fi nunawa shi ne yawancin waɗanda abin ya shafa ba sa ma kai ƙara. Rahoton da wani kwamitin hukumar daidaito ta Amurka ya fitar a 2016 ya ce kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka tsangwama a wurin aiki ba su taɓa gaya wa wani shugaba ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ba. Ta ciki na ciki. Shirun nan shi ne labarin da ya fi yawa, shi ne kuma ya fi wuyar ɗauka da kyamara.

Akwai fim ɗin da ya kamo abin yadda yake?

Wanda na fi yabawa shi ne The Assistant na 2019, na Kitty Green. Yini ɗaya ne tak a rayuwar wata ƙaramar mataimakiya a kamfanin shirya fina-finai, Julia Garner ce ta fito a matsayin. Ba a taɓa nuna fuskar ogan ba. Muryarsa kawai ake ji ta waya yana zazzaga mata masifa. Ba a nuna ya taɓa kowa ba. Abin da muke gani shi ne aikinta: ta zo tun da duhu, ta kunna fitilu, ta goge tabo a kujerar ofishinsa, ta tsinci ɗan kunnen mace a ƙasa, ta amsa wayar matarsa ta yi mata kwana-kwana. Can aka kawo wata yarinya daga wani gari mai nisa, ba ta da ƙwarewar komai, aka ce an ɗauke ta aiki, aka sa ita ta raka ta otal.

Sai ta tafi sashen kula da ma'aikata. Jami'in ya karɓe ta da fara'a, ya ɗauko takarda da biro, ya ce ta faɗi damuwarta. Tana faɗa yana maimaita mata kalmominta ɗaya bayan ɗaya, har ita kanta ta ji ba su da nauyi. Me kika gani da idonki? Yarinyar ta yi kuka da wani? Ko dai kishi ne? Ya tambaye ta burinta, ta ce tana son zama furodusa, ya tuna mata ɗaruruwan da ke layi suna jiran kujerarta. Ta janye ƙorafin. Tana fita ya bi ta da wai ta kwantar da hankalinta, ita ba irin wadda ogan ke so ba ce. Kafin ta koma teburinta labari ya riga ta isa, abokan aikinta maza biyu suka tsaya a kanta suna taya ta tsara wasiƙar ban haƙuri.

Ba ihu, ba jini, amma fim ɗin ya nuna abin da saura ke tsallakewa: mutum ɗaya ba ya iya wannan ta'asa shekara da shekaru sai da direba, da mai ajiye ɗakin otal, da akawu mai biyan kuɗi, da lauya, da abokan aiki masu yin abin raha. Kowa ya sani, kowa ya yi gum.

Dole ne a nuna cin zarafin ƙuru-ƙuru kafin mai kallo ya ji zafinsa?

Ba dole ba ne, kuma sau da yawa nunawar ce ke ɓata aikin. Tun 1975 masaniyar fim Laura Mulvey ta yi bayanin yadda kyamara ta saba kallon mace da idon namiji mai sha'awa. In darakta ya ce yana la'antar abu, amma kyamararsa na bin jikin matar a hankali daga ƙafa zuwa sama, to ya sa mai kallo a kujerar ogan ne.

An yi wannan muhawara kan Bombshell na 2019, labarin faɗuwar Roger Ailes, shugaban tashar Fox News. Akwai fitowar da ya sa wata matashiyar ma'aikaciya, wadda Margot Robbie ta fito a matsayinta, ta juya a gabansa, sannan ya ce ta ɗage rigarta, ta ƙara, ta ƙara. Wasu sun ce fitowar ta sa sun ji ƙyamar abin har cikin ransu. Wasu suka ce kyamarar ta nuna abin da ogan ke kallo fiye da yadda ya kamata. Ni dai inda fitowar ta fi ƙarfi a wurina shi ne lokacin da aka tsaya kan fuskarta, tana ƙoƙarin riƙe murmushi idonta na cikowa. Ma'auni mai sauƙi ga mai kallo: a wannan minti, tsoronta ake nuna mini ko jikinta?

Me ya sa kusan kullum a kotu ake ƙarewa, da nasara?

Don mai kallo na son ya tashi da sanyin zuciya. North Country na 2005, da Charlize Theron, ya ƙare ne da mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya a zauren kotu suna mara wa jarumar baya. Labarin gaskiyar da aka gina shi a kai bai zo da wannan sauƙin ba. Lois Jenson ta fara aiki a mahaƙar ƙarfe ta Eveleth a jihar Minnesota a 1975. Ta kai ƙorafi a 1984. An shigar da ƙara a 1988, a 1991 kotu ta amince a saurare ta a matsayin ƙarar haɗin gwiwa, irinta ta farko a Amurka kan wannan batu. A tsakani lauyoyin kamfani suka tone rayuwar matan tun daga ƙuruciya, har bayanan asibitinsu. Sai a 1998 aka sasanta da mata 15 a kan dala miliyan 3.5. Shekara 14 daga ƙorafi zuwa biya, lafiyar wasunsu ta riga ta taɓu.

Fim ba zai iya nuna shekara 14 na jira ba, na yarda. Amma wadda ta kalla ta ɗauka da ta buɗe baki jama'a za su miƙe mata, an yi mata alkawarin da ba kowa ke cikawa ba.

Su masu yin fim ɗin, hannunsu a wanke yake?

Ina fa. Masana'antar da ke ba da labarin tana cikin wuraren da abin ya fi ƙamari, kuma dalilin a tsarin aikin yake: ba albashin wata, kowane fim sabon neman aiki ne, masu nema dubbai, masu bayarwa ƙalilan, kuma kalma ɗaya daga babban furodusa cewa wance tana da wuyar sha'ani ta isa ta rufe mata ƙofofi.

Maria Schneider tana da shekara 19 lokacin da ta fito tare da Marlon Brando, mai shekara 48, a fim ɗin Bernardo Bertolucci na 1972. Daga baya ta ce an ƙasƙanta ta a wata fitowar fyaɗe da ba a sanar da ita yadda za ta kasance ba sai dab da ɗauka. A wata hira ta 2013 daraktan ya amsa cewa da gangan suka ɓoye mata wani ɓangare, don yana son ya ɗauki ainihin wulaƙancin a fuskarta, ba na wasa ba. Ta rasu a 2011, ba ta ji wannan amsawar ba. Wurin ɗaukar fim wurin aiki ne, darakta kuma oga ne.

Sai Harvey Weinstein, babban furodusan Hollywood. Ranar 5 ga Oktoban 2017 Jodi Kantor da Megan Twohey suka fallasa shi a jaridar New York Times, kwanaki kaɗan Ronan Farrow ya biyo da nasa a mujallar New Yorker. Mata sama da 80 suka fito da zargi, gangamin MeToo, wanda Tarana Burke ta fara tun 2006, ya game duniya. An yanke masa shekara 23 a New York a 2020, aka ƙara masa 16 a Los Angeles, sannan a 2024 babbar kotun jihar New York ta soke hukuncin farko ta ce a sake shari'a. A sake shari'ar ta 2025 an same shi da laifi a tuhuma ɗaya, aka wanke shi a wata. Shi dai har yau yana musantawa.

A Indiya, bayan sace wata jaruma da cin zarafinta a jihar Kerala a 2017, gwamnatin jihar ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohuwar mai shari'a K. Hema. An miƙa rahoton a 2019, aka danne shi har Agustan 2024. Da ya fito, ya yi maganar neman lalata kafin a ba da aiki, da ƙwanƙwasa ƙofar jarumai mata cikin dare a masauki, har da rashin banɗaki da wurin canza kaya a wuraren ɗauka. Shugabannin ƙungiyar 'yan wasan jihar suka yi murabus gaba ɗaya.

Wani abu ya canza a yadda ake ɗaukar fim ɗin?

Ya canza, ko da ba ko'ina ba. An samu sabuwar sana'a ta jami'an da ke kula da fitowar da ta ƙunshi kusantar jiki. Aikinsu kamar na mai tsara faɗa ne: a zauna tun kafin ranar ɗauka, a rubuta abin da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba, a rage mutanen da ke wurin, kuma ɗan wasa na da damar janyewa ko an fara. Tashar HBO ta wajabta su a shirye-shiryenta a 2018, ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta fitar da ƙa'idojin aikinsu a 2020. Ƙungiyar ce kuma a 2018 ta yi kira a daina gwajin 'yan wasa da ganawa a ɗakin otal ko gidan wani. Wasu tsofaffin jarumai na gunagunin cewa hakan na kashe armashin wasa. Ba a taɓa jin sun ce mai tsara faɗa na kashe armashin naushi ba.

Me ya sa labaran ke ɗaukar shekaru kafin su fito, har a yi fim a kansu?

Tsoro na ciki, kunya na ciki, amma akwai kuma takarda. Kamfanoni sun daɗe suna sasantawa a ɓoye: a biya kuɗi, a sa hannu kan yarjejeniyar rufe baki, mai laifi ya ci gaba da zama a kujerarsa, wadda za ta zo bayanta ba ta san komai ba. Zelda Perkins, mataimakiyar Weinstein a Landan, ta sa hannu kan irin wannan a 1998 bayan ta tunkare shi kan abin da wata abokiyar aikinta ta ce ya yi mata. Sai a 2017 ta karya yarjejeniyar ta yi magana. Fim ɗin She Said na 2022 ya nuna wannan ɓangaren, kuma yawancinsa 'yan jarida ne ke buga waya ana kashewa, suna ƙwanƙwasa ƙofa ana rufewa.

Gretchen Carlson, tsohuwar mai gabatar da shiri a Fox News, wadda ƙararta ta Yulin 2016 ta kai ga saukar Ailes cikin makonni, an biya ta dala miliyan 20 tare da neman afuwa a bainar jama'a. Amma sharuɗɗan sasantawar sun hana ta ba da labarin abin da ya faru, har ta kai ba ta iya ba masu shirya Bombshell shawara ba, ga Nicole Kidman tana fitowa a matsayinta. Ta shiga fafutukar sauya doka, a 2022 kuma Amurka ta yi dokoki biyu: ɗaya ta hana tilasta wa mai irin wannan ƙorafi zuwa sulhun sirri maimakon kotu, ɗaya ta hana aiwatar da sharaɗin rufe baki da aka sa wa ma'aikaci hannu tun kafin rikici ya taso. Ta biyun ba ta shafi yarjejeniyar da aka ƙulla bayan an riga an kai ƙara ba, don haka irin takardar da Carlson ta sa wa hannu tana nan da ƙarfinta.